Yadda Na Koyi Zaman Natsuwa, Daga Minti 5 Zuwa 20

Da minti 5 na fara, a kan kujerar da mazauninta ba ya lotsawa, agogon waya kuma a ajiye inda hannuna ba zai kai ba. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya. Sauran duk a jiki yake da hankali, kuma shi zan bi daki-daki yadda na bi shi a mako 8 na farko, tare da wuraren da abin ke kwaɓewa da abin da ke sa ya kwaɓe.

Sai an gyara sunan tukuna, domin ya ɓatar da mutane da dama. Akan ce da wannan atisaye "zuzzurfan tunani", sai mai koyo ya ɗauka zama zai yi ya nitse cikin tunani. Wani kuma ya ji an ce share kai ake yi tas har a daina tunanin komai, ya gwada kwana biyu, ya ga ba ya iyawa, ya haƙura. Aikin kuwa guda ne. Ka ajiye hankalinka a kan abu ɗaya, galibi numfashi. Hankalin ya sulale. Ka farga ya sulale. Ka dawo da shi ba faɗa ba tsawa. Fargar nan da dawowar nan su ne atisayen, shi ya sa na fi son in ce zaman natsuwa. Wanda hankalinsa ya gudu sau 40 a zama ɗaya ya kuma dawo da shi sau 40, atisaye 40 ya yi, kamar mai ɗaga ƙarfe da ke ƙirga ɗagawarsa.

Lura da numfashi tsohon abu ne, mabiya addinin Buda sun shafe fiye da shekara 2,000 suna koyar da shi. Sigar da nake magana a kanta ita ce wadda ta shiga asibiti. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin marasa lafiyar da ciwonsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Babu bauta a cikinsa, babu karanta wani abu, ba ya kuma maye gurbin ibadar kowa. Horon hankali ne, yadda gudu yake horon huhu da ƙafa. A shirin nasa ana neman minti 45 a rana, kwana 6 a mako, amma can akwai malami, akwai aji, akwai mai tambayarka yadda makon ya kasance. Mai koyo shi kaɗai in ya ɗauki minti 45 tun ranar farko, da wuya ya ga ƙarshen mako yana yi.

Zaman kansa shi ne abin da ya fi cin lokacina a kwanakin farko, kuma ya cancanci haka, don sau da yawa abin da sabon shiga ke kira "na kasa natsuwa" ciwon baya ne kawai. Ƙa'idar guda ce: ƙugu ya ɗara gwiwa tsayi. A kan kujera nakan matso zuwa rabinta na gaba, ban jingina ba, tafin ƙafa biyu shimfiɗe a ƙasa. In kujerar ta yi ƙasa, sai a ninke tawul a zauna a kai. In ta yi tsawo har ƙafa na reto, sai a sa littafi mai kauri ƙarƙashin ƙafafun. Mai son zaman ƙasa ya nemi matashi mai tauri, tsayinsa santimita 10 zuwa 15 bayan an zauna a kai, ya zauna a bakinsa na gaba, ya tanƙwashe ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, kada ya ɗora wata kan wata. Dalili shi ne, da zarar ƙugu ya yi ƙasa da gwiwa, sai ya kife baya, gadon baya ya lanƙwashe, kai ya zubo gaba. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, kuma in ya bar saitin kafaɗu, naman wuya da na tsakanin kafaɗu ne za su riƙe shi. Kafin minti 10 sun fara zafi. Ga shi kuma ciki ya matse, numfashi ya koma gajere.

Wannan zaman da ake gani a hotuna, na ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, a bar shi. In gaɓar ƙugu ba ta saba ba, murɗawar a gwiwa take ƙarewa, ita kuwa gwiwa ba a yi ta don murɗawa ba. Kwanciya ma ba ta yi wa mai farawa, sai wanda ciwo ya hana shi zama, domin jiki ya riga ya san kwanciya da rufe ido barci suke nufi.

Hannuwa a kan cinya, daidai inda gwiwar hannu za ta sauka ƙarƙashin kafaɗa. In ka miƙa su har kan gwiwa za su janyo kafaɗu gaba. Haɓa a ɗan ja ta ciki kaɗan, yadda ƙeya za ta miƙe. Haƙora kada su haɗu, leɓe a rufe, kan harshe ya kwanta bayan haƙoran sama, wannan yana rage yawan haɗiyar yawu. Ido kuwa zaɓi biyu ne: ko a rufe, ko a bar shi rabi a buɗe yana kallon ƙasa, wajen mita 1 da rabi a gabanka, ba tare da ƙura wa komai ido ba. Na fara da rufewa, daga baya na koma rabi-buɗe saboda gyangyaɗi.

Lokaci ba na barinsa ga "in na samu sarari". Na ɗaure zaman a jikin abin da dama nake yi kullum: da na gama wanke baki da safe, sai kujera, kafin in duba saƙon kowa. Bayan cin abinci mai nauyi ba lokacinsa ba ne. Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard wanda ya yi nazarin irin wannan zama a shekarun 1970, shawararsa ita ce a bar awa 2 bayan cin abinci, a kuma yi minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana. Wayar a kashe mata sadarwa, a zaɓi ƙararrawa mai taushi, a kifa ta. Agogon dole ne. In babu shi, rabin hankalinka zai tafi wajen lissafin ko lokaci ya yi.

Ga yadda minti 5 ɗin ke tafiya a mako 2 na farko. Numfashi 3 na farko da gangan nake yin su: in shaƙa ta hanci daƙiƙa 4, in fitar a hankali daƙiƙa 6. Akwai dalilin tsawaita fitarwar. Bugun zuciya yakan ɗan ƙaru lokacin shaƙa, ya ɗan ragu lokacin fitarwa, saboda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki, wadda ke taka wa zuciya birki. Bayan ukun nan sai in saki numfashi ya yi yadda ya ga dama, gajere ko dogo, ba ruwana.

Daga nan sai a zaɓi wuri ɗaya da za a riƙa jin numfashin. Ko bakin kafar hanci, inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko ciki, inda yake tasowa ya sauka. Na zaɓi ciki don motsinsa ya fi girma, ya fi sauƙin kamawa, na kuma ɗora tafin hannu ƙasa da cibiya kaɗan a kwana 3 na farko har na gane wurin. Wanda duk ka zaɓa, ka zauna a kansa aƙalla mako guda. Yawo tsakanin hanci da ciki a zama ɗaya wata hanyar gudun hankali ce da ta yi shigar aiki.

Sai ƙirge. Kowace fitar numfashi lamba ɗaya ce, daga 1 zuwa 10, sannan a koma 1. In lissafi ya ɓace, a koma 1. In ka tsinci kanka a 14, nan ma hankalin ya tafi, ƙirgen ne kawai ya ci gaba da kansa, sai a koma 1. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ke nan zagaye ɗaya bai cika kaiwa minti guda ba. Duk da haka a makon farko da ƙyar nake wuce 4 kafin wani tunani ya ɗauke ni, kuma haka abin yake ga kusan kowa. Lambar ta zama kamar raɗa a can baya. Abin da ake so a gaba shi ne jin motsin cikin, lambar igiya ce kawai.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci gudun hankali, don wanda bai fahimce shi ba zai ɗauka shi kaɗai ne da wannan matsala. A 2010 wasu masu bincike biyu a Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini: me kake yi yanzu, kuma ina hankalinka yake? Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Tun a 2001 kuma Marcus Raichle da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai sassan ƙwaƙwalwa da aikinsu ke ƙaruwa daidai lokacin da mutum ba ya yin komai, kuma an alaƙanta su da tuna baya da shirin gaba da tunanin kai. Wato da ka zauna shiru, ka buɗe wa wannan injin ƙofa ne. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi.

Danne tunani da ƙarfi kuwa ƙara masa kuzari yake yi. A 1987 Daniel Wegner ya ce da wasu mutane kada su yi tunanin farin beyar, dabbar nan mai gashi, na tsawon minti 5, su buga ƙararrawa duk sanda ya faɗo musu. Sun buga fiye da sau ɗaya a kowane minti, kuma da aka sake su daga baya, tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Kafin ka tabbatar ba ka tunanin abu, sai ka leƙa ka ga ko yana nan, leƙawar kuwa ita ce tunanin.

Saboda haka ga abin da nake yi a daidai lokacin da na farga, kuma in mai karatu zai riƙe abu ɗaya daga wannan rubutu, wannan ya riƙe. Da farko in ba abin suna a zuci, kalma ɗaya: "shiri", ko "tuna baya", ko "damuwa", ko kawai "tunani". Sunan yana raba ni da labarin, ya mai da shi abin da nake gani maimakon abin da nake ciki. Sannan in duba goshi da muƙamuƙi da kafaɗu, don kusan kullum tunanin ya bar ɗaurewa a ɗaya daga cikinsu, in sassauta wurin. Sannan in koma ciki, in jira fitar numfashi ta gaba, in ce 1. Duka bai wuce daƙiƙa 5 ba. Abin da ba na yi shi ne tsawa: "ka ga, ka sake tafiya, ba za ka taɓa iyawa ba." Illar tsawar nan biyu ce. Ita ma wani tunanin ce, mai iya cin minti guda cur. Ta biyun ta fi muni: kana koya wa hankalinka cewa farga tana jawo duka. Yaron da ake duka duk sanda ya dawo gida, daɗewa zai riƙa yi a waje. Fargar ita ce abin da kake nema ya yawaita, don haka da sakin fuska ake tarbarta.

Wajen kwana na 8 zuwa na 12 sai na ji kamar abin baya yake yi, tunani ya fi na da yawa. Tunanin bai ƙaru ba. A makon farko nakan ɓace minti 2 a cikin labari ɗaya in farga sau ɗaya, yanzu kuwa ina farga sau 6 a cikin minti 2 ɗin. Mutane da yawa a nan suke ajiyewa, daidai lokacin da abin ya fara kamawa.

Matsalar da ta fi ba ni wuya ita ce riƙe numfashi. Da ka sa masa ido sai ka fara tuƙa shi, kana ja da ƙarfi kana zurfafawa. In aka daɗe ana haka, iskar kabon da ke cikin jini, wato wadda muke fitarwa da numfashi, takan ragu fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da gefen baki su fara tsikari, wani ma ƙirjinsa ya ɗaure har ya tsorata. Maganin ba ƙara shaƙa ba ne. Nakan bar numfashin gaba ɗaya na minti guda, in mai da hankali kan tafin hannu a bisa cinya, ko nauyin jiki a kan kujera. In na dawo kuma, bayan kowace fitarwa sai in jira, in bar jiki ya nemi iskar da kansa. Yakan nema, ba ya mantawa. Ciwon goshi bayan zama shi ma daga matsawa yake, galibi idanu ne ke ƙoƙarin kallon hanci ta ƙarƙashin fatar ido. A sake su, a koma ciki.

Barci yana da alamunsa kafin kai ya fara gyangyaɗi: lambobi su cakuɗe, wasu hotuna marasa kan gado su fara wucewa, numfashi ya yi laushi, ga wani daɗi-daɗi. Sabon shiga yakan ɗauki wannan daɗin a matsayin ci gaba, alhali bakin ƙofar barci ne. Natsuwar da ake nema tana tare da wartsakewa. Nakan bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a wanda ya yi aiki: in miƙe baya, in buɗe ido, in ɗaga kallo zuwa saitin fuska, in mai da ƙirge kan shaƙa maimakon fitarwa, in kuma duk sun ƙi, in tashi tsaye in ƙarasa a tsaye. Wanda ya yi duk wannan kwana da kwanaki barci bai bar shi ba, bashin barci ne a kansa. Babban mutum na bukatar awa 7 ko fiye a dare, zaman natsuwa ba ya biyan wannan bashi.

Ƙaiƙayi nakan ba shi numfashi 3. Sau da yawa ya wuce kafin na ukun, in bai wuce ba in sosa a hankali, ina sane, in koma. Ciwo kuwa iri biyu ne. Gajiyar naman baya mai nauyi-nauyi ta rashin sabo ce, ana iya zama da ita, takan ragu cikin mako 2 ko 3. Ciwo mai suka a gwiwa ko a ƙugu, ko mai harbawa zuwa ƙafa, ba a jure masa, a gyara zama nan take. Minjirya a ƙafa daga danne jijiya take, yawanci a gefen gwiwa ko ƙarƙashin cinya, ƙarin tsayin matashi yakan rage ta. In ƙafa ta mutu, kada a miƙe tsaye da zarar agogo ya buga. A miƙe ta, a motsa yatsu, a jira ji ya dawo, don taka matacciyar ƙafa na iya gurɗe idon sawu.

A mako na 3 na koma minti 8, a na 4 minti 10. Rabin farko da ƙirge, rabi na biyu babu. Da aka cire lamba sai a bi numfashi ɗaya tun daga tushensa: farkon shaƙa, tsakiyarta, inda ta tsaya, farkon fitarwa, ƙarshenta, da ɗan shirun da ke biyo baya kafin wata. A wannan shirun ne hankali ya fi sulalewa, don babu abin ji. Dabarar ita ce a ba shi wurin tsayawa: a lokacin shirun nakan ji inda leɓuna suka haɗu, ko inda hannu ya taɓa cinya, har shaƙa ta gaba ta zo.

A nan kuma na ƙara zagayen jiki, sau 2 a mako, a madadin zaman numfashi. Ana farawa daga yatsun ƙafar hagu, a bi tafin ƙafa, diddige, ƙwauri, gwiwa, cinya, a koma ta dama, sannan ƙugu, ciki, baya, ƙirji, hannuwa, kafaɗu, wuya, fuska, har tsakar ka. Numfashi 2 ko 3 a kowane wuri, duka ya ɗauki minti 10 zuwa 15. Ba sassauta wurin ake ƙoƙarin yi ba, ji kawai ake: ɗumi, sanyi, nauyi, bugu, taɓawar tufa. Inda ba ka ji komai ba, ka lura ba ka ji komai ba, ka wuce. Amfaninsa ya fito mini daga baya, lokacin da na fara gane fushi a muƙamuƙi da fargaba a ƙirji tun kafin su zama magana.

Muryoyin jagora da ake saurara a waya suna taimako a makonnin farko, amma na riƙa tsallake rana: yau da murya, gobe shiru. Mai jagora yana yi maka rabin aikin, shi ke tuna maka ka dawo, alhali wannan tunawar ita ce abin da ka zo koyo.

Mako na 5 da na 6, a minti 15, su ne na gundura. Ɗokin sabon abu ya wuce, ba a kuma ga wani abin a zo a gani ba. A nan na fara tsallake kwanaki, kuma abu biyu suka riƙe ni. Na farko doka ce: ranar da ba hali, minti 2, ko da a bakin gado ne. Na biyu ɗan littafi, layi ɗaya a rana: kwanan wata, minti nawa, da kalma ɗaya kamar "barci" ko "tarwatse" ko "shiru". Ba na ba zaman maki. Bayan mako 2 littafin ya nuna mini abin da ban lura da shi ba, cewa duk ranar da na taɓa waya kafin zama, "tarwatse" na rubuta. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'ar Landan sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka wallafa a 2009 cewa tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Da yayyafi kogi kan cika. Ita gundurar ma abin lura ce: in ta zo nakan ce "gundura", in nemi inda take a jiki, sau da yawa sai in same ta a matsayin ɗan zillo a ƙafafu da ƙirji.

Ranar da jiki ya ƙi zama sam, tafiya ce mafita. A sami fili mai tsawon taku 10, a riƙa kai da komo a hankali fiye da tafiyar yau da kullum, ido a ƙasa mita 2 gaba, hankali a tafin ƙafa: ɗagawa, turawa, saukewa. A tsaya numfashi ɗaya a kowane ƙarshe kafin a juya.

Zuwa mako na 7 na kai minti 20, kuma ga yadda na raba su: minti 2 na gyara zama da dogon numfashi, 5 na ƙirge, 8 na bin numfashi babu lamba, 3 na buɗe hankali ga duk sautin da ya zo ba tare da bin labarinsa ba, 2 na ƙarshe kuma na jin jiki gaba ɗaya a zaune. Minti 3 na sauti su suka raba ni da neman wuri mai tsit. Ƙarar mota ko maganar mutane a waje abin lura ne kamar numfashi: ya fara, ya ƙaru, ya ƙare.

Canjin da na gani bai cika fitowa a kan kujera ba. Har yanzu akwai zaman da hankali ke yawo daga farko har ƙarshe. A cikin yini yake fitowa: an faɗa maka magana mai zafi, sai ka ji zafin ya taso a ƙirji, ka samu daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin baki ya buɗe, wadda da babu ita. Kuma kada a zuzuta abin ya wuce ƙimarsa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka samu shaida matsakaiciya cewa irin wannan horo yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ko sauran hanyoyin jinya ba. Duk mai ce maka zai warkar da komai, ya wuce abin da aka tabbatar.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su yi taka-tsantsan, kuma ina so a ɗauki wannan da muhimmanci. A 2017 Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun wallafa hirarrakin da suka yi da masu wannan zama su 60 da suka gamu da wahala a cikinsa: tsoro, rashin barci, dawowar mummunan abin da ya taɓa faruwa da su, da jin kamar sun rabu da jikinsu. Wanda ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, ko yake fama da firgita mai zuwa farat ɗaya, ko ciwon damuwa mai nauyi, ko ya taɓa samun taɓin hankali, ya fara magana da likitansa, ya kuma nemi mai koyarwa da ya san aikin. Gaskiya ne tun 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da wani shiri da aka gina kan wannan horo domin masu ciwon damuwa da ke yawan dawowa, amma a hannun ƙwararru ake yin sa, kuma ba dalilin ajiye magani ba ne. In tsoro ya taso maka a tsakiyar zama, kada ka ce sai ka jure. Buɗe ido, danna tafin ƙafa a ƙasa, ambaci abu 5 da kake gani a ɗakin, ka tashi ka ɗan taka. Washegari ka rage lokaci, ka bar ido a buɗe, ka sa hankali a tafin ƙafa ko sauti maimakon numfashi. In abin ya ci gaba, ko ya fara bin ka cikin yini da dare, ka dakata ka ga likita.

Tashi daga zama shi ma yana da tsari, kuma na daɗe ina yin sa da garaje kafin in gyara. In agogo ya buga ba na zabura. Nakan bar ƙarar ta ƙare, in ƙara numfashi 3 a yadda nake, in motsa yatsun hannu da na ƙafa, in buɗe ido in bar shi ya saba da haske. Sannan in zaɓi abu ɗaya da zan yi nan gaba kaɗan, kamar buɗe ƙofa ko wanke hannu, in ƙudura zan yi shi ina sane da numfashi ɗaya cikakke. In rubuta layin ranar a littafi, in miƙe ƙafafu in tabbatar ji ya dawo, sannan in kunna waya.